Zaɓen ƙaramar bindigar kare kai a Amurka: jagora ga ɗan'uwa mai shirin ɗauka

Ranar wata Juma'a a Hustan ta jihar Tekzas, bayan an idar da salla ana neman takalma a bakin ƙofa, wani yaro namu da ke aikin dare a gidan mai ya ja ni gefe. Ya ce, "Kawu, wacce ta fi, mai 9 ko mai .45?" Girman harsashin bindigar da zai saya yake nufi. Sati biyu kafin nan an shiga shagon da ke kusa da nasu da makami, kuma tun daga ranar barcinsa bai cika ba. Na fahimci halin da yake ciki sarai. Amma tambayar da ya fara da ita, ita ce ta huɗu ko ta biyar a jerin abin da ya kamata ya tambaya, kuma yawancin masu sayen bindigar farko daga nan suke yin kuskure. Abin da na faɗa masa cikin 'yan makonni shi ne na tattara a nan.

Maganar duk ta Amurka ce, inda gyara na biyu a kundin tsarin mulki, tun 1791, ya ba farar hula damar mallakar makami. Mai karatu a Najeriya ya sani cewa dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba, wato ƙananan bindigogin hannu, cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Babu abin da ke cikin wannan rubutu da ya shafi can.

Mataki na farko: doka ta yarda da kai?

Kafin ka taka shagon bindiga, duba takardunka. Ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin, wato girin kad, dokar tarayya ta ba su damar saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukunci shi ne an hana shi, in ban da wasu 'yan togaciya kamar mai lasisin farauta, kuma wannan ba abin da za a shiga da jin-ta-jin-ta ba ne, lauya ake tambaya. Wanda takardunsa suka ƙare, ko riƙe bindigar aboki a filin harbi na iya jawo masa ɗauri da kora daga ƙasa. Haka wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda kotu ta samu da dukan iyali, da mai shan tabar wiwi ko da jiharsa ta halatta ta, duk dokar tarayya ta cire su.

A shago mai lasisi sai ka cika shekara 21 za a sayar maka da ƙaramar bindiga. Za ka cike fom mai lamba 4473, a tura sunanka ga tsarin binciken FBI, amsa ta dawo. Ƙarya a fom ɗin nan babban laifi ne. Kuma in wani ɗan'uwa ya ce ka sayo masa da sunanka saboda shi ba za a ba shi ba, ka ce masa a'a kai tsaye, kunya ba ta shiga nan. Al'adarmu ta taimakon juna tana da kyau, amma wannan taimakon kurkukun tarayya yake kai mutum.

Saye daban, ɗauka a jiki daban. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bruen cewa jiha ba za ta ce sai ka kawo wani dalili na musamman kafin ta ba ka izinin ɗauka ba. Duk da haka kowace jiha da tsarinta. Niyok tana neman awa 16 na aji da awa 2 na harbi, ga dogon jerin wuraren da ba a shiga da makami, kuma gidan harsashi ba ya wuce guda 10. Tekzas kuwa tun 1 ga Satumban 2021 ta bar wanda ya cancanta ya ɗauka ba tare da lasisi ba, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar yanzu haka suke.

Shawarata ita ce ko jiharka ba ta wajabta lasisi ba, ka je ka yi. A Tekzas ajin awa 4 zuwa 6 ne, sai gwajin harbi na harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15, ana neman maki 175 cikin 250. A ajin nan ne za a koya maka ma'anar allunan hana shiga da bindiga da ake mannawa a ƙofar shaguna, masu lamba 30.06 da 30.07, da jan allon 51% na wuraren da giya ce mafi yawan cinikinsu. Lasisin yana kuma yi maka aiki a wasu jihohi. Wasu kawai. A 2013 an kama wata uwa daga Filadelfiya mai cikakken izinin jiharta, don kawai ta tsallaka Niyu Jasi da bindigarta a jaka, ta kuma faɗa wa ɗan sanda da bakinta. Sai da gwamna ya yi mata afuwa. Mu da muke yawan tuƙi zuwa biki da suna da ta'aziyya daga jiha zuwa jiha, wannan labari namu ne. Masu tuƙin Uber da Lyft kuma su sani cewa kamfanonin biyu sun hana direba ɗaukar makami a bakin aiki, ko da doka ta yarda masa.

Mataki na biyu: duba gidanka da zuciyarka

Wannan ba dogon bayani yake so ba, gaskiya yake so. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Idan kai ko wani a gidanka yana fama da baƙin ciki mai nauyi, ko aure yana cikin rikicin da ake ɗaga murya da hannu, ko ka san kanka da saurin fushi a kan titi, ka dakata. Bindiga a irin wannan gida ta fi zama haɗari ga na ciki fiye da ɓarawon waje. Akwai lambar 988 ga mai jin rayuwa ta yi masa ƙunci, dare da rana.

Idan akwai yara, akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ko da yatsa shi ake fara saye kafin bindigar. Saman kabad ba maɓoya ba ne, ƙarƙashin katifa ma haka. Yaro ɗan shekara uku yana iya danna kunamar fistol da manyan yatsunsa biyu, kuma in ya yi haka bakin bindigar fuskarsa yake kallo. Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi da 'ya'yan baƙi. Ƙa'idar ɗaya ce: ko tana jikinka a cikin kube, ko tana kulle.

Mataki na uku: libarba ko fistol, babba ko ƙarama

Libarba ita ce mai tulu mai juyawa. Ƙananan da ake ɗauka, irin Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR, harsashi 5 suke ci. Amfaninta sauƙin fahimta: ka buɗe tulu ka ga ko akwai harsashi ko babu, ba abin ja, ba abin zarewa, kuma in harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai ka sake danna kunama ta wuce na gaba. Matsalarta kunamar tana da tauri, wajen kilo 5 na ƙarfin yatsa, saitinta ƙarami ne, kuma mara nauyin tana shuri sosai. Ana yawan miƙa wa mata da tsofaffi ita a shago a ce ita ce mai sauƙi. Sauƙin ɗurawa gare ta, amma samun abin da aka saita da ita yana cikin mafi wuya.

Fistol mai sarrafa kanta tana da gidan harsashi a cikin mariƙi, da marfin sama da ke ja da baya bayan kowane harbi ya tofar da kwanso ya ɗauko sabo. Ta fi cin harsashi, ta fi siranta, kunamarta ta fi laushi, kusan kilo 2 da rabi a irin su Glock. Sai dai tana buƙatar koyo. Mafi muhimmancin darasinta shi ne cire gidan harsashi bai nufin ta zama fanko, domin ɗaya na iya zama a cikin bututu. An yi asarar rayuka da dama a kan wannan jahilci guda ɗaya.

Wajen girma kuwa, nan ne zan daɗe, domin nan na yi nawa kuskuren. Bindigata ta farko 'yar ƙarama ce mai .380, wadda nauyinta bai kai gram 300 ba, tana shiga aljihu kamar walat. Mai shagon ya ce ba wanda zai san ina ɗauke da ita, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar da na fara kai ta filin harbi, yatsuna biyu kawai suka samu wuri a mariƙin, ƙaramin yatsana yana lilo a iska. Kafin in gama kwali ɗaya na harsashi 50, fatar tsakanin babban yatsana da manuni ta yi ja tana zafi, kuma na lura ina runtse ido ina danna bakin bindigar ƙasa tun kafin ta tashi. Daga yadi 7 ramukan sun watse a takarda, yawancinsu ƙasa ta hagu. Na koma gida na kulle ta, na yi wata biyar ban sake zuwa ba. Ina yawo da makamin da ban iya ba, kuma wannan abu ne mai haɗari ga duk wanda zai tsaya a bayan wanda zan harba.

Dalilin a fili yake. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba, shi ke tura bindiga baya. In ƙarfen yana da nauyi, shi zai shanye wani kaso. In ba shi da nauyi, hannunka ne zai sha. Ga shi kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce a ƙaramar bindiga, saboda haka ɗan karkacewa kaɗan yana zama babban kuskure a nesa. Mai sauƙin ɓoyewa ita ce mai wahalar harbi, mai daɗin harbi ita ce mai wahalar ɓoyewa. Aikinka shi ne neman tsakiyar da ta dace da jikinka.

A kasuwa yau, tsakiyar nan gida biyu ce. Akwai matsakaita, wadda Glock 19 ce uwarsu: harsashi 15, bututu inci 4, nauyi wajen gram 850 in an cika ta. Hannu yana cika da ita, tana da daɗin koyo, kuma kube da kayan gyaranta suna ko'ina. Mai jiki da mai sa riga mai yalwa zai ɓoye ta ba wahala. Sai sirara masu cin harsashi da yawa, waɗanda SIG Sauer P365 ta buɗe wa hanya a 2018 da harsashi 10 a jikin da kaurinsa inci ɗaya ne. Springfield Hellcat da Smith & Wesson Shield Plus da Glock 43X duk 'yan wannan gida ne. Ga siririn mutum, ko mai aikin da dole ya sa riga cikin wando, ko mai zama a zafin Hustan inda wata takwas ba a sa rigar sanyi, waɗannan sun fi zama a jiki. Wanda hannunsa ba ƙarfi, ko ciwon gaɓoɓi ya kama shi, ya gwada Shield EZ, wadda aka ƙera musamman don marfinta ya yi sauƙin ja.

Abin da ke tona asirin bindiga a ƙarƙashin riga mariƙi ne, ba bututu ba. Bututu yana kwance cikin wando, mariƙi ne ke turo riga. Saboda haka in za ka rage wani abu, tsawon mariƙi za ka duba, amma kada ka rage har ƙaramin yatsanka ya rasa wurin zama.

Mataki na huɗu: kaliba

Yanzu ga tambayar yaron nan. Kaliba faɗin harsashi ne. Mai .380 da mai 9 da mai .38 duk faɗinsu kusan ɗaya ne, milimita 9, bambancin yana ga tsawon kwanso da yawan albarushi da nauyin dalma. Mai .40 milimita 10 ne, mai .45 kuma ya ɗan haura 11.

Gardamar da ake yi a kansu tana da tarihi. Ranar 11 ga Afrilun 1986, a Miyami, jami'an FBI sun yi musayar wuta da 'yan fashin banki biyu. An kashe jami'ai biyu, an raunata biyar. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya samu harbin mai 9 tun da farko, harsashin ya ratsa hannunsa ya shiga ƙirji ya tsaya dab da zuciya, shi kuwa ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifi a kan harsashin, ta koma mai milimita 10. Wannan ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi, aka rage masa albarushi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990, ya mamaye 'yan sandan ƙasar shekaru ashirin da wani abu. Daga wannan bincike ne kuma aka samu ma'aunin da ake bi har yau: harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin jelatin da aka haɗa don ya yi kama da tsokar mutum. Ƙasa da haka ba lallai ya kai inda zai tsayar da mahari ba, sama da haka yana iya fita ya samu wani.

A tsakiyar shekarun 2010 FBI ɗin ta dawo kan mai 9. Hujjarta ita ce ƙirar harsashi ta ci gaba har mai 9 na zamani yana cika wancan ma'auni, jami'ai sun fi samun abin da suka saita da shi kuma cikin sauri, bindiga ta fi cin harsashi, ga araha wajen atisaye. Wannan ita ce amsata ga duk mai sayen farko: mai 9. Ba don sauran ba sa aiki ba. Mai .45 harsashi ne nagari da ya yi wa sojan Amurka hidima tun 1911, amma bindigarsa ta fi kauri, cinta kaɗan ne, kuma kuɗin kwali biyu nasa zai saya maka kusan uku na mai 9. Mai .40 yana da shuri mai kaifi, a ƙaramar bindiga yana gajiyar da hannu. Mai .357 Magnum a libarba mara nauyi azaba ce, ƙara da walƙiyarsa kaɗai sun isa su ruɗa sabon mai harbi. Mai .380 shi ne iyakar ƙasa da zan yarda da ita, kuma ya fi kyau a bindiga mai ɗan jiki irin EZ. Mai .22 na koyo ne, yana da araha kuma ba shuri, sai dai ya fi saura yawan ƙin tashi. Duk da haka, ga dattijuwar da shi kaɗai hannunta ke iya riƙewa, ya fi babu.

Ka cire abin da ka gani a fim daga kanka. Ƙaramar bindiga ba ta ɗaga mutum ta yar. Rami take yi, kuma inda ramin yake shi ne magana. Bambancin milimita biyu a faɗi bai kai bambancin samu da kuskure ba.

Harsashi kuma iri biyu za ka saya. Mai dunƙulallen kai na atisaye ne, yana da araha, amma yana ratsa jiki ya wuce. Mai ramin baki shi ake ɗauka, domin yana buɗewa kamar fure in ya shiga, ya rage gudu ya tsaya. Federal HST da Speer Gold Dot, masu nauyin giren 124 ko 147 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), su ne 'yan sanda da yawa ke amfani da su. Niyu Jasi tana da tsauraran ƙa'idoji a kan mai ramin baki, mazauna can su bincika kafin su saya.

Mataki na biyar: gwada kafin ka biya

Yawancin filayen harbi na cikin gari suna ba da hayar bindiga. Ka je da wanda ya iya, ko ka biya malami na awa ɗaya, domin wasu filayen ma ba sa ba baƙon da ya zo shi kaɗai haya. Ka zaɓi uku, misali Glock 19 da P365 da Shield Plus, ka harba a ƙalla 25 da kowace daga yadi 5 zuwa 7, kowace da takardarta.

Ga abin dubawa. In ka riƙe ta yadda bututu ya miƙe da ƙashin hannunka, tsokar gaɓar farko ta manuninka ta sauka a kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba? Kana iya jan marfin har ƙarshe ka kulle shi a buɗe? Babban yatsanka yana kai wa maɓallin sakin gidan harsashi? Idonka yana ganin saitin gaba sosai? Wanda ya haura arba'in ya fara riƙe waya nesa da fuska, ya tambayi irin da ake ɗora wa ƙaramin madubi mai jan ɗigo. Bayan nan ka jera takardun uku a kan tebur. Wadda ramukanta suka fi taruwa, kuma ka ji za ka iya ƙara wani kwalin da ita ba tare da fargaba ba, ita ce taka, ko da ba ita abokanka ke yabo ba. In maiɗakinka ce za ta ɗauka, ita za ta yi wannan gwaji da hannunta. Kada ka zaɓar mata.

Wajen kuɗi, sanannun bindigogin nan yawanci suna tsakanin dala 400 zuwa 700. Ka ware kusan wani adadin kamar haka don kube da bel da akwati da harsashi da aji. Wanda kuɗinsa iya na bindiga ne kawai, bai shirya ba tukuna. In ka saya, kada ka fara ɗauka sai ka harba kamar 200 na atisaye da a ƙalla cikin gidan harsashi biyu ko uku na irin wanda za ka ɗauka, ba tare da ta cije ko sau ɗaya ba.

Mataki na shida: kube, da irin tufafinmu

Kube nagari yana da sharaɗi uku: ya rufe kunama ruf ta kowane gefe, ya riƙe bindiga ko ka sunkuya ko ka yi gudu, bakinsa kuma ya zauna a buɗe bayan ka zare. Na roba mai tauri da ake kira Kydex, wanda aka ƙera don ainihin samfurin bindigarka, shi ya fi cika su. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, ka bar shi a shago. Soka bindiga tsirara a ƙugu ko a aljihu tare da makullai kuwa, ba a ma fara shi.

Nan akwai abin da malaman harbi na nan ba za su faɗa maka ba, domin ba su san kayanmu ba. Kaftani da jallabiya suna ɓoye bindiga fiye da kowace riga, amma wandon da aka ɗaure da tazuge ba ya ɗaukar nauyin gram 800. Zai ja gefe ɗaya, kube ya kife, kuma in ka zo zarewa kuben zai biyo bindigar. Ni tela na sa ya yi wa wandunan kaftanina madaukan bel masu faɗi, ina sa bel mai tauri a ciki. Sannan tsawon rigar yana nufin sai ka tattaro yadi mai yawa da hannun hagu har ƙirji kafin dama ya kai ga mariƙi. Wannan sai an maimaita shi sau da yawa a gida, da bindiga fanko, harsasai kuma suna wani ɗakin daban. Da babbar riga kam, ni ban ga yadda za a zare cikin aminci ba, ranar da zan sa ta bindiga tana akwati.

Mayarwa cikin kube ya fi zarewa haɗari. Gefen shadda ko igiyar tazuge na iya shiga gaban kunama, kai kuma kana turawa ƙasa. Ba gaggawa a mayarwa. Ka ɗage rigar sosai, ka kalli bakin kuben da idonka, yatsa a miƙe a gefen ƙarfe, ka saka a hankali. In ka ji wata turjiya, tsaya.

Sai maganar masallaci. Ka fara tambayar kwamiti, domin wuri nasu ne kuma da yawa suna da tsarin tsaro nasu, wasu jihohi ma suna da doka a kai. In an yarda, ka gwada ruku'u da sujada da zaman tahiya a gida ka ga ko mariƙi yana turo riga ko kube yana motsi. Wanda ake ɗaurawa a bayan ƙugu yana fitowa fili a sujada, na sahun baya yana kallo. Wajen alwala da bayan gida kada ka cire ta ka ajiye a kan wani abu, nan ake mantuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Ƙa'idoji huɗu da malamin harbi Jeff Cooper ya yaɗa, waɗanda ake karantarwa a kowane aji, a kan wannan turba suke: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka lalata ba, yatsa ba ya taɓa kunama sai ka saita, kuma ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa.

'Yan'uwa mata masu abaya sukan zaɓi jaka. In ba makawa, jakar ta zama mai aljihu na musamman da kube a ciki, a rataye ta a ƙetare kafaɗa, kuma kada ta sauka daga jiki, ko a keken sayayya ko a gidan biki. Jaka ita ɓarawo ke fara fizgewa, ita kuma yaro ke fara buɗewa.

Mataki na bakwai: rayuwa da ita

Doka ba ta yarda ka harbi mutum ba sai in kana da dalili mai ƙarfi na ganin ana shirin kashe ka ko yi maka mummunan rauni a nan take, kai ko wani. Wasu jihohi suna neman ka ja da baya in akwai hanya, wasu kamar Fulorida da Tekzas ba sa nema, amma ko'ina za a tambaye ka wa ya fara. Zaro bindiga don tsoratarwa a gardamar fakin laifi ne. Harbin gargaɗi a sama ma haka, domin harsashin zai sauko a kan wani. Na gaya wa yaron nan cewa kuɗin da ke cikin akwatin gidan mai ba nasa ba ne, kuma in miƙa su zai sa ɗan fashi ya fita, ya miƙa. Na kuma ce ya tambayi mai gidan aikinsa ko an yarda ma'aikaci ya zo da makami.

Atisaye sau ɗaya a wata da harsashi 50 zuwa 100 ya fi na sau ɗaya a shekara da 500. Ka sa abin toshe kunne da tabarau, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda dalma, mai juna biyu kuma ta haƙura da filin harbi na cikin gini. Ka share bindigar ka sa mata mai bayan harbi, ka kuma duba ta duk sati ko ba ka harba ba, domin gumi da zaren riga suna taruwa a ciki.

Abu na ƙarshe da na zaunar da shi a kai shi ne tsayarwar 'yan sanda. A watan Yulin 2016, a Minesota, an tsayar da Philando Castile a mota. Baƙar fata ne mai cikakken izinin ɗauka, ya sanar da jami'in cewa yana da makami, kuma cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi har lahira, budurwarsa da 'yarta ƙarama suna cikin motar. Fatarmu irin tasa ce, ga kuma harshenmu da ba kowane jami'i ke ganewa da sauri ba. Wasu jihohi sun wajabta ka sanar nan take, wasu sai an tambaya, ka san ta jiharka. Ni ga yadda nake yi. Lasisin tuƙi da na bindiga da takardar inshora suna cikin ɗan fata a maƙale a abin tare rana na saman gilashi, nesa da ƙuguna. In an tsayar da ni, ina kashe mota, in sauke gilashi, in kunna fitilar ciki in dare ne, in ɗora hannu biyu a saman sitiyari. In jami'i ya iso, ina cewa a hankali ina da lasisin ɗauka, makamin yana ƙuguna na dama, me yake so in yi. Daga nan hannuna ba ya barin sitiyari sai ya faɗi inda zan kai shi, ni ma sai na maimaita masa da baki kafin in motsa.